Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Jami'armu Da Kwamitin Ƙarin Girma

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe shugaban jami'a, shugabannin tsangayu, da iyayenmu farfesoshi da ke zaune a kwamitin ƙarin girma. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, na rubuto wannan takarda ne a madadin ƙananan malamai da ɗaliban digiri na uku waɗanda suka zaɓi su ƙare rayuwarsu ta ilimi a inda shari'a da siyasa da adalci tsakanin jama'a suka haɗu. Wasunmu suna tsangayar shari'a, wasu suna sashen kimiyyar siyasa, wasu kuma nazarin zamantakewa. Da yawanku ku kuka koyar da mu, wasunku ma ku kuka duba kundayenmu shafi bayan shafi, saboda haka da hannu biyu nake miƙo muku wannan magana. Na fito da ita fili ne don mun bi ta ofis sau biyu ba mu ji amsa ba, kuma abin da ya same mu yana samun takwarorinmu a jami'o'i da dama. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sabuwar ƙa'idar ƙarin girma da majalisa ta amince da ita. A ƙarƙashinta, maƙalar da ta fito a mujallar da ke cikin jerin Scopus ko Web of Science, wato manyan rumbunan da ke tantance mujallun ilimi na duniya, ita kaɗai ke samun cikakken maki, kuma makin yana ƙaruwa gwargwadon yawan ambaton da mujallar ke samu. Rahoton bincike, ra'ayin masani da aka gabatar wa kotu, aikin ofishin agajin shari'a da muke gudanarwa tare da ɗalibai, da rubutu cikin harshen da talakawa ke ji, duk an tattara su an zuba a layi ɗaya mai suna hidimar al'umma, wanda makinsa bai kai na maƙala guda ba. A zama ɗaya kuma aka janye hutun bincike daga ƙananan malamai, aka ƙara da cewa sai mun sami izini a rubuce kafin mu yi magana da 'yan jarida ko mu ba da ra'ayi a shari'ar da hukuma take ciki.

Na san abin da ya kai ku ga haka, kuma ban raina shi ba. Mujallun bogi sun yi yawa, waɗanda in ka biya yau, gobe maƙalarka ta fito ba tare da wani masani ya karanta ta ba. An kuma sha ganin son kai a wajen ƙarin girma, a ɗaga na gida a bar wanda ba shi da kowa. Kun nemi ma'aunin da ba ya kallon fuska. Mu ma shi muke so. Sai dai wanda kuka ɗauko ba don irin aikinmu aka ƙera shi ba.

Ma'aunin yawan ambato, wani masani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fito da shi, kuma asalin amfaninsa taimaka wa ɗakunan karatu su san wace mujalla za su saya. Yana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun mujalla na shekara 2 da suka gabata. A fannin da ake gano sabon abu kowane wata, shekara 2 tana iya nuna wani abu. A shari'a kuwa, maƙala takan yi shekara 10 kafin wani alƙali ya jingina hukuncinsa da ita, kuma hukuncin alƙali ba ya shiga wannan ƙirga, haka ma rahoton kwamitin gyaran doka, haka ma muhawarar majalisa. Mutanen da muke rubutu dominsu ke nan, kuma su ne ma'aunin ba ya gani. Su kansu masana kimiyyar da ma'aunin ya fi dacewa da su sun gaji da shi. A watan Disambar 2012 editoci da masu bincike suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, wadda jigonta shi ne kada a yi amfani da matsayin mujalla a madadin ingancin maƙala wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma ko ba da kuɗin bincike. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sanar a 2021 cewa za ta daina aiki da shi. A Birtaniya, tun daga tantancewar bincike ta 2014 aka ware kashi 20 cikin 100 na maki ga tasirin da bincike ya yi a wajen jami'a, a 2021 aka ɗaga shi zuwa kashi 25. Mu yanzu muke shiga ɗakin da masu shi suke fita.

Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona. Lokacin da nake aikin digirina na uku, na yi watanni ina zama a bencin baya na ƙananan kotuna, ina rubuta dalilin ɗage kowace shari'a. Na shiga da tunanin cewa matsalar masu zaman jiran shari'a tana cikin dokar beli, cewa in an gyara sashe kaza an ƙara sashe kaza, komai zai daidaita. Abin da na tarar daban ne. Wani fayil ɗinsa ne ya ɓace tsakanin ofis da ofis. Wani ba a kawo shi daga gidan yari ba don babu mota. Wani an ba shi beli tuntuni, amma sharaɗin mai tsaya masa ya fi ƙarfin duk danginsa. Na ga dattijuwar da take zuwa kowane zama, tana tsayawa a bakin ƙofa don ta hango ɗanta na ɗan lokaci kafin a ce an ɗage. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a littafin doka. Masanin shari'a na Amurka Roscoe Pound ya faɗi wannan tun 1910 da ya bambanta dokar da ke cikin littafi da dokar da ke aiki a kan mutane, kuma ku kuka koya mana wannan bambanci a aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa aikinmu shi ne mu shiga ɗakin mu zauna da shi har ruwan ya sauko mu gani.

Wata abokiyar aikinmu, ƙanwa ce a gare ni a wannan sana'a, ta ɗauki irin wannan aiki ta kai shi inda ban kai ba. Ita da ɗalibanta sun bi takardun rajistar kotu ɗaya bayan ɗaya, suka gano mutanen da zaman jiransu ya wuce tsawon hukuncin da za a yanke musu ko da an same su da laifi. Ta rubuta rahoto, ta kai wa alƙalai, ta koma ta sake komawa, har aka duba aka saki wasu. Akwai gidajen da yau uba yana kwana a cikinsu saboda aikinta. Da aka auna takardunta da sabuwar ƙa'ida, duk wannan bai kai makin maƙala ɗaya ba. Abokin aikinta da suka fara tare, wanda ya zauna a ofis ya kwatanta dokokin ƙasashe ya fitar da maƙalu a mujallun da ke cikin jerin, ya wuce ta. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ma ilimi ne kuma yana da amfani. Amma ɗalibanmu suna da ido. Sun ga wanda ya ci gaba, sun ga wadda aka bari, kuma a bana mutum 2 daga cikin waɗanda nake duba kundinsu sun zo sun roƙe ni in bar su su sauya maudu'i zuwa abin da za a iya gamawa a ɗakin karatu. Na rasa abin da zan ce musu, domin lissafinsu daidai ne.

Ina roƙon ku dubi wani abu da ya faru a Indiya. A 1972 aka zargi 'yan sanda 2 da yi wa wata yarinya fyaɗe a cikin ofishinsu a jihar Maharashtra. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kotun ta wanke su, tana kafa hujja da cewa babu rauni a jikin yarinyar kuma ba ta yi ihu ba. A watan Satumbar 1979 malaman shari'a 4, wato Upendra Baxi da Lotika Sarkar da Vasudha Dhagamwar da Raghunath Kelkar, suka rubuta wa Babban Jojin ƙasar buɗaɗɗiyar wasiƙa. Sun warware hukuncin da ilimi, suka nuna cewa shirun yarinyar da ke hannun hukuma cikin tsoro ba yarda ba ne. Wasiƙar ta tayar da ƙungiyoyin mata a faɗin ƙasar, kuma a 1983 majalisa ta gyara doka: idan an tabbatar saduwa ta auku a hannun hukuma, matar kuma ta shaida wa kotu cewa ba da yardarta ba ne, kotu za ta ɗauka haka ne har sai wanda ake tuhuma ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Wasiƙar 'yan shafuka ce kawai, kuma har yau ana karantar da ita. Ranku ya daɗe, da a jami'armu waɗannan malamai suke a yau, da sai sun nemi izini kafin su aika wasiƙar, in an ba su kuma, da a layin hidimar al'umma za a saka ta.

Ko a cikin maƙalun mujalla ma, sunan mujalla ba ya gaya maka abin da ke ciki. Maƙalar masanin shari'a Marc Galanter ta 1974, wadda ta bayyana dalilin da ya sa masu hali suke rinjaye a kotu, manyan mujallu da dama sun ƙi karɓarta kafin ta fito. Bayaninsa mai sauƙi ne: akwai wanda kullum yana kotu, kamar banki ko kamfanin inshora ko hukuma, ya san lauyoyi, ya san ma'aikata, yana iya jure jinkiri, yana iya zaɓar shari'ar da zai sasanta da wadda zai kai ƙarshe don ta zama abin kafa hujja gobe. Akwai kuma wanda sau ɗaya zai shiga kotu a rayuwarsa, kuma duk abin da ya mallaka yana kan wannan shari'a. Yau tana cikin maƙalun shari'a da aka fi ambata. Da wani kwamiti ya auna Galanter da sunan mujallun da suka mayar masa da ita, da ya yi kuskure babba.

Sai maganar lokaci. Irin wannan bincike ba ya yiwuwa a ɗan tsakanin lacca da lacca. Kafin ma'aikacin rajista ya buɗe maka kabad, kafin wanda ya fito daga gidan yari ya yarda ya gaya maka abin da ya gani, sai ka yi ta zuwa har sun saba da fuskarka. David Baldus na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa sun bi shari'o'in kisan kai fiye da 2,000 na jihar Jojiya a Amurka, suka gano cewa wanda aka tuhuma da kashe farar fata ya fi wanda aka tuhuma da kashe baƙar fata yiwuwar samun hukuncin kisa har ninki 4.3. Shekaru aikin ya ci. A 1987 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ƙi soke hukuncin kisan da aka yanke wa wani baƙar fata mai suna Warren McCleskey duk da wannan bincike, aka zartar masa da hukuncin a 1991. Mai shari'a Lewis Powell da ya rubuta hukuncin rinjaye ya faɗa bayan ya yi ritaya cewa da zai iya, da ya sauya ƙuri'arsa. Na kawo wannan ne don ku ga cewa aikin fanninmu yana da tsawo, wani lokaci ma yana faɗuwa a kotu, amma yakan bar shaidar da ba a iya sharewa. Malamin da aka janye wa hutun bincike, aka cika masa mako da azuzuwa da jarrabawa, aka ce ya kawo maƙalu kaza cikin shekara 3, ba zai ko fara irin wannan ba.

Akwai kuma wata damuwa da ba a cika faɗa ba. Mu 'yan tsakiya ne. In takardunmu suka je hannun masanin shari'a zalla, sai ya ce wannan ai siyasa ce. In suka je hannun masanin siyasa, sai ya ce ku kai wa lauyoyi. Ni kaina an taɓa dawo mini da aiki ɗaya daga ɓangarorin biyu da waɗannan kalmomi. Alhali duk wanda ya taɓa bin yadda ake zartar da doka, ko yadda ake naɗa alƙali, ko yadda ake raba kasafin kotuna, ya san ba a raba shari'a da siyasa sai a jadawalin darussa.

Maganar harshe gajera ce. Wanda doka ta fi taka wa wuya sau da yawa ba ya jin harshen da aka rubuta ta. Malamin da ya zauna ya fassara masa haƙƙinsa, ya nemo kalmomin da za su ɗauki ma'anar doka ba tare da sun karkatar da ita ba, aikin ilimi ya yi mai wuya, kuma duk wanda ya gwada ya sani.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sharaɗin neman izini. Fanninmu, ko mun so ko mun ƙi, yana taɓa masu iko. Ba za ka yi nazarin yadda ake tsare mutane, ko yadda ake ƙwace filaye, ko yadda ake shari'ar zaɓe, ka kauce wa hukuma ba. In sai ofishin da ke jin tsoron ɓata wa hukuma rai ne zai ba mu izinin magana, to an riga an san amsar. Kuma ba sai an hana kowa ba. Da zarar ƙaramin malami ya san sunansa zai bi ta teburin waɗanda za su duba ƙarin girmansa, shi da kansa zai kama bakinsa. Shawarar UNESCO ta 1997 a kan matsayin malaman manyan makarantu ta tabbatar wa malami 'yancin bincike da wallafa sakamakonsa da faɗin ra'ayinsa, har a kan jami'ar da yake aiki. Sanarwar Kampala ta 1990, wadda masanan Afirka suka tsara da kansu, ta haɗa 'yancin tunani da nauyin da ke kan masani na tsaya wa al'ummarsa, ba ta raba su ba. Mun ga abin da ke faruwa in jami'a ta saki hannun malamanta: a Turkiyya, malamai fiye da 1,000 suka sa hannu a takardar neman zaman lafiya a watan Janairun 2016, aka kori ɗaruruwa daga aiki, aka gurfanar da da yawa, sai a Yulin 2019 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta ce an tauye musu 'yancin faɗin albarkacin baki, bayan shekarun aiki sun riga sun salwanta. Mun kuma ga akasin haka. A 1978, tsakiyar mulkin wariyar launin fata, malamin shari'a John Dugard ya kafa cibiyar nazarin shari'a a aikace a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, jami'ar ta ba ta mafaka, cibiyar ta yi ta bincike da ƙalubalantar dokokin wariya, kuma tana nan har yau. Muna so jami'armu ta zama irin ta biyun.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku dakatar da aiki da sabuwar ƙa'idar a fannonin shari'a da siyasa da zamantakewa har sai an zauna da mu. Muna roƙon a sa aƙalla ƙananan malamai 2 da ɗalibin digiri na uku 1 a kwamitin da zai sake duba ta, domin a kansu za ta fi aiki.

A maimakon ƙirga mujallu, ku bar kowane mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa 4 ko 5 da ya fi alfahari da su, ya rubuta bayanin abin da kowanne ya ƙara wa ilimi, a aika wa masana na waje su karanta aikin kansa. Wannan zai fi kashe kasuwar mujallun bogi, domin maƙalar banza ba ta tsira a hannun mai karatu. A cikin masu dubawar kuma a tabbatar akwai wanda ya taɓa yin bincike a kotu ko gidan yari ko majalisa, wanda ya san wahalarsa da ƙa'idojinsa. Rahoton bincike, ra'ayin masani a gaban kotu, gudunmawa ga gyaran doka da rubutu cikin harshen uwa, a karɓe su a matsayin aikin ilimi in sun cika sharaɗi. Ba mu ce a ba da maki don kyakkyawar niyya ba. A tsananta a kansu kamar yadda ake tsanantawa a kan maƙala: ina hujja, wace hanya aka bi, wa ya duba, me ya biyo baya.

Ku dawo da hutun bincike ga ƙananan malamai, ko da zango ɗaya ne a cikin shekara 3, kuma a lissafa sa'o'in da malami ya yi a ofishin agajin shari'a a cikin nauyin koyarwarsa, tunda koyarwa ce yake yi a can.

Sharaɗin neman izini kuwa, muna roƙon a soke shi gaba ɗaya. Mun yarda kowannenmu ya bayyana cewa da bakinsa yake magana, ba da bakin jami'a ba. Mun yarda a hukunta wanda ya ƙirƙiri sakamako ko ya tona asirin waɗanda suka amince suka yi masa magana. Abin da muke nema a madadin sharaɗin shi ne jami'a ta rubuta a fili cewa za ta tsaya wa malaminta, har da lauya, in aka taso masa saboda binciken da ya yi bisa ƙa'ida.

Takardun 'yar'uwarmu da na ambata suna cikin waɗanda za su zo gabanku a zagaye mai zuwa. Ina roƙon kafin ku ƙirga makinta, ɗaya daga cikinku ya ɗauki rahoton nata ya karanta daga farko har ƙarshe. Mu kuma a shirye muke mu zo duk ranar da kuka kira mu, da takardunmu da ɗalibanmu.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya yi muku jagora a kan wannan amana.

Wassalam.

Ɗalibinku kuma abokin aikinku,
wani malami a tsangayar shari'a, a madadin 'yan'uwansa.